MARY JONES, YARINYAR DA TA YI TAFIYAR MIL 26 DOMIN LITTAFI

'Yan'uwana ɗalibai, kusan kowane ɗayanmu a wannan kwaleji yana da Littafi Mai Tsarki nasa na kansa. Amma mu nawa ne muke buɗe shi in ba ran Lahadi ba, ko kuwa sa'ad da jarrabawa ta matso? Ni kaina nawa ya taɓa yin wata uku a ƙasan akwati, ban taɓa shi ba. Abin da ya farkar da ni shi ne labarin wata yarinya, shi ya sa na ga ya kamata in ba ku shi.

An haifi Mary Jones a watan Disamba 1784, a wani ɗan ƙauye na ƙasar Wels, yamma da Ingila, a gindin dutsen da a ke kira Cadair Idris. Iyayenta matalauta ne, ubanta masaƙi. Ya rasu a 1789, ya bar ta da uwarta kaɗai. Mutanen wurin suna da harshensu dabam, ba Turanci ba. Tun 1588 aka juya musu Littafi Mai Tsarki cikin wannan harshe, amma yana da tsada ƙwarai, kuma samunsa da wuya. Talaka sai dai ya ji ana karantawa a ɗakin sujada.

A zamanin nan akwai wani mai wa'azi a garin Bala, sunansa Thomas Charles. Shi ya riƙa aika malamai ƙauye ƙauye, su zauna 'yan watanni suna koya wa yara karatu da harshensu, sa'an nan su ƙara gaba. A irin wannan makaranta Mary ta koyi karatu tana wajen shekara goma. To, ga karatu ya samu, amma babu abin karantawa a gida. Akwai Littafi a gidan wani manomi, wajen mil biyu daga gidansu, aka yardar mata ta riƙa zuwa. Haka ta yi ta zuwa mako mako, ko ana ruwa ko ana sanyi, tana karantawa tana haddacewa.

Nan ne asirin abin yake. Ba a haife ta da son Littafin ba, yawan komawa gare shi ne ya haifar mata da son. Da ta ɗanɗana, sai na aro ya kasa isarta. Ta shiga tara kuɗi, kwabo da kwabo, daga 'yan ayyukan da ta ke yi wa maƙwabta, har shekara shida. Da ma an ce da yayyafi kogi kan cika.

A shekarar 1800, tana da shekara 15, kuɗin ya cika. Sai aka gaya mata babu inda za ta samu sai wurin Thomas Charles. Ta tashi ta bi hanyar duwatsu, ba takalmi a ƙafarta, ta yi tafiyar mil 26 har Bala. Yadda aka fi ba da labarin, ta tarar duk littattafan da suka rage an riga an yi wa waɗansu alkawarinsu, ta fashe da kuka, malamin ya ji tausayinta ya ba ta ɗaya. Ta koma gida da abin da ta fito nema.

Ƙishin da Charles ya gani wurin talakawa irin su Mary bai bar shi ya huta ba. A 1802 ya kai kukan mutanensa gaban waɗansu shugabannin Kirista a Landan. Wani mai wa'azi, Joseph Hughes, ya kawo shawara a yi wa duniya duka wannan aiki, kada a tsaya kan Wels kaɗai. Da haka aka kafa British and Foreign Bible Society a 1804. Wannan jam'iyya ce ta buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, bayan wahalar da su Likita Miller na Zariya suka sha wajen juya shi. Ashe tafiyar yarinyar nan ta iso har ƙofarmu.

Kada ku zaci daga nan ta zauna cikin daɗi. Ta auri wani masaƙi, Thomas Jones, suka zauna a ƙauyen Bryncrug cikin talauci. Ta haifi 'ya'ya shida, biyar suka riga ta mutuwa, ɗayan kuwa ya tafi Amurka. Mijin ma ya rasu ya bar ta. Ta yi kiwon zuma, tana ba da taimako ga aikin bishara daga abin da ta samu. Da tsufa ya zo idanunta suka mutu, amma abin da ta haddace tun tana yarinya yana nan a zuciyarta. Ta rasu a Disamba 1864, tana da shekara 80. Littafin nata yana ajiye a Jami'ar Kambirij, da rubutun hannunta a ciki.

Mu da za mu fita mu zama malamai, mu tuna wani malamin ƙauye ne ya buɗe wa Mary ƙofa. Yaro kuwa ba ya son abin da bai ga malaminsa yana so ba. Saboda haka mu fid da namu daga akwati, mu sa wa kanmu lokaci, ko da sura guda ce kowace safiya kafin a buga ƙararrawa. Son zai zo a kan hanya, kamar yadda ya zo mata. Ubangiji ya taimake mu, amin.