Paul Ehrlich: Marinin da Ya Zama Uban Ilmin Garkuwar Jiki

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin marina ya san cewa baba yakan kama wani zare sosai, wani kuwa da ƙyar. A kan irin wannan lura ne wani likita Bajamushe, Paul Ehrlich, ya gina aikin rayuwarsa. Manufar wannan maƙala ita ce a kawo taƙaitaccen tarihinsa, a kuma nuna inda aikin nasa ya kai a yau.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Ehrlich ranar 14 ga Maris, 1854, a garin Strehlen da ke cikin ƙasar Polan ta yanzu. Iyayensa Yahudawa ne. Wani ɗan'uwansa, Karl Weigert, shi ya koya masa rina tsokar jiki domin a duba ta a madubin likita. Ya sami digirin likita a Leipzig a 1878, kuma a kan rini ya rubuta kundinsa. Abin da ya fahimta shi ne, kowane launi yana da irin ƙwayar jikin da yake kamawa. Ashe ke nan ana iya samun maganin da zai kama ƙwayar cuta kaɗai, ya ƙyale lafiyayyen jiki.

Aikinsa a kan Garkuwar Jiki

Tarin fuka ya kama shi a wurin aiki, ya tafi Masar jinya a 1888. Da ya komo, sai ya shiga cibiyar Robert Koch a Balin a 1891. Ya riƙa ba ɓeraye gubar 'ya'yan zurma kaɗan-kaɗan, har suka iya jure abin da a da zai kashe su. Dalili kuwa, jininsu ya ƙera wasu sinadarai masu kama wannan guba ita kaɗai. Su ne sinadaran garkuwa, kuma shi ne ya fara kiran su da sunan da masana ke amfani da shi har yau.

A lokacin Emil Behring ya gano cewa ruwan jinin dabbar da ta sami garkuwa yana maganin mashaƙo, amma ƙarfinsa ba ya da tabbas. Ehrlich ne ya nuna yadda za a ƙara masa ƙarfi, ya kuma kafa ma'aunin auna shi. An fara sayar da maganin a 1894. Sai dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: Behring ya kwashe mafi yawan ribar, shi kaɗai kuma aka ba lambar Nobel ta 1901, abin da ya ɓata zumuncinsu. Ehrlich bai sami tasa ba sai a 1908, tare da Élie Metchnikoff.

Ƙarshen Rayuwarsa

A Frankfurt ya koma ga rini, yana neman maganin ƙwayar da ke kawo ciwon barci da sammoren da makiyayanmu suka sani. Daga wannan bincike ne shi da Sahachiro Hata, mutumin Japan, suka gano Salvarsan a 1909, maganin tunjere na farko mai aiki. Ya sha suka da ƙazafi a kansa, wasu don ƙin jinin Yahudawa kawai. Ya rasu ranar 20 ga Agusta, 1915.

Kammalawa

Ruwan jinin doki da aka yi wa masu mashaƙo magani da shi a annobar Kano ta 2023 jikan aikinsa ne. Haka kuma sinadaran garkuwa sun zama fitilar masu binciken ciwon daji. Da su aka gano furotin p53 a 1979, wanda ke hana ƙwayar jiki rabuwa idan zaren gadonta, wato DNA, ya lalace. A 1998 kuma aka gano cewa idan zaren ya tsinke, furotin H2AX da ke kewaye da wurin yakan sauya kama. Masana sukan ɗaura wa sinadarin garkuwa launi mai ƙyalli, ya je ya kama wannan furotin, sai a ƙirga ɗige-ɗigen a madubi, a san yawan ɓarnar da haske mai guba ko maganin daji ya yi. Rini da garkuwa, abubuwa biyu da Ehrlich ya ƙarar da rayuwarsa a kansu, ga su sun haɗu a aiki guda.