Tarihin Malam Abdullahi na Gwandu da Kyautata Zato ga Allah

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amma bayan haka, ya 'yan'uwana muridai, ni tsohon almajiri mazaunin Rigasa na rubuta muku wannan 'yar takarda domin na ga sashenku zukatansu sun yi sanyi, sun bar zaman zikiri saboda abin da suka gani na son duniya ga waɗansu 'yan'uwa. To ku saurari labarin wanda ya ga abin da ya fi wannan.

Ku sani an haifi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah ya yarda da shi, a shekara ta 1180 ta hijira, wato 1766. Ya karanta Alƙur'ani wurin mahaifinsa, da ya kai shekara 13 sai ya koma hannun wansa Shehu Usmanu, ya lazimce shi zaune da tafe, a Degel da Kabi da Zamfara, yana tambaya Shehu yana warware masa, har ya zama kogi cikin Larabci da fiƙihu da tafsiri. Ya ɗauki karatu kuma wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ɗariƙarsu Ƙadiriyya ce.

Da aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, shi ne waziri, yana cikin jagororin rundunar da Allah ya ba nasara a Tafkin Kwatto. Bayan wannan aka jarrabi jama'a a Tsuntsuwa, mahaddata Alƙur'ani wajen 200 suka yi shahada, aka sake jarraba su a Alwasa. Duk wannan bai karya zuciyarsa ba. Abin da ya karya ta shi ne ganin waɗanda suka rage sun juya ga neman mulki da dawaki da tufafi. A 1807 ya bar runduna da niyyar tafiya Makka da Madina, ba komowa. Da ya iso Kano mutanenta suka tsare shi da roƙo, ya karantar da su tafsiri, ya wallafa musu Liya'ul Hukkami domin masu mulki su san iyakarsu. Sa'an nan ya koma wurin Shehunsa. A 1808 Alƙalawa ta faɗi.

Malamina, Allah ya jiƙansa, shi ya buɗe mini sirrin wannan komowa. Na tambaye shi ko kyautata zato shi ne mutum ya runtse ido ga ɓarna. Ya amsa mini da cewa a'a, Malam Abdullahi ya ga ɓarnar sarai, ya kuwa faɗe ta a rubuce. Amma ya rarrabe abu biyu: halin bayi, wanda yake canzawa, da alkawarin Ubangiji, wanda ba ya canzawa. Ya tuna mini da hadisin ƙudusi da Buhari da Muslim suka ruwaito, mai nuna cewa Allah yana inda bawansa ya zace shi. Ya ƙara mini da cewa kyakkyawan zato na gaskiya yana haifar da aiki, kamar manomin da ya yi shuka ya yi noma sa'an nan ya jira ruwa. Wanda ya kwanta a inuwa yana jiran dami, wannan ruɗin kai ne. Da wannan ma'auni nake auna zuciyata har yau.

Jarrabawa ta biyu ta fi ta fari ɗaci. Da Shehu ya yi wafati a 1232, wato 1817, aka yi mubaya'a ga ɗansa Muhammadu Bello, Malam Abdullahi ya zo Sakkwato ya tarar da ƙofa a rufe, ya juya bai zare takobi ba. Bayan 'yan shekaru mutanen Kalambaina suka tayar masa, Bello ya kawo masa gudunmawa. Da suka haɗu bayan nasara, Bello ya yi nufin sauka daga doki domin girmama baffansa, Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. Da wannan jama'a ta tsira daga rabuwa biyu. Ya zauna Gwandu yana karantarwa har ya koma ga Ubangijinsa a 1245, wato 1829, kabarinsa yana can. Tafsirinsa Liya'ut Ta'awili har gobe ana karanta shi a zaurukanmu.

To ya muridi, in zuciyarka ta ƙuntata da ɗan'uwa, nema masa uzuri tukuna, domin magabata sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. In ɓarna ta bayyana, yi nasiha da ladabi, kada ka bar wuridinka domin laifin wani. In ka riga ka fita, komo, wanda ya fi ka ya fita ya komo. Allah ya kyautata zatonmu gare shi, ya sa mu cika da imani, albarkar bayinsa salihai, amin.

Tammat bi hamdillahi wa husni aunihi.