Atanasiyus na Iskandariya

An haifi Atanasiyus a Iskandariya ta ƙasar Masar wajen shekara ta 296. Tun yana saurayi ya shiga hidimar ikilisiya a ƙarƙashin Bishop Iskandar. A kwanakin nan wani malami, Ariyus, ya tashi yana koyar da cewa Ɗan Allah halitta ne, akwai lokacin da babu shi. A shekara ta 325 Atanasiyus ya raka maigidansa zuwa babban taro a Nikiya, inda aka shaida cewa ainihin Ɗan ɗaya ne da na Uba. A 328 aka naɗa shi bishop.

Me ya sa ya riƙe wannan koyarwa kankan? Amsa tana cikin littafinsa a kan zaman Kalman jiki. Tun a gonar Adnin Allah ya kafa doka, hukuncin ƙetare ta kuwa mutuwa ne (Farawa 2:17). Mutum ya ƙetare. In Allah ya janye maganarsa, gaskiyarsa ta faɗi; in kuwa ya bar mutum ya hallaka, aikin hannunsa ya zama banza. Tuba kaɗai ba ta isa ba, gama tana tsai da zunubi, amma ba ta warkar da ruɓar da ta riga ta shiga. Domin wannan Kalman Allah ya ɗauki jiki irin namu, ya miƙa shi ga mutuwa a madadin kowa, ya tashi. Da haka shari'a ta sami hakkinta, alheri kuma ya sami hanya. Wanda ya yi mutum, shi kaɗai ke da ikon sabunta shi. Da Kristi halitta ne, da har yanzu muna ƙarƙashin hukunci.

Sarakunan Rum huɗu sun kore shi daga kujerarsa har sau biyar, wajen shekara 17 duka. Daga 356 zuwa 362 yana ɓoye, yawanci wurin masu ibada a hamadar Masar, yana ƙarfafa garkensa da wasiƙu. A wasiƙarsa ta 367 ya lissafta littattafai 27 na Sabon Alkawari, daidai da waɗanda mu ke karantawa. Ya rasu a Iskandariya ran 2 ga Mayu, 373.

Sa'ad da mu ke nazarin Yohanna 1 da Galatiyawa 4, bari mu tuna da shi. Alherin da mu ke dogara gare shi bai zo ta wurin rushe shari'a ba, ta wurin jikin Kristi ya zo.