Walter Greaves: Mai hannu ɗaya da ya kafa tarihin tuƙin keke a duniya

Duk wanda ya san garuruwanmu na karkara, kamar Rumbu da ke cikin gundumar Dakoro a jihar Maraɗi, ya san yadda muke yi da yaron da ya rasa hannu ko shan inna ya taɓa masa ƙafa. Da wuri muke yanke masa hukunci cewa ba shi da sauran amfani, in ya tasa sai a miƙa masa ƙwarya a nuna masa hanyar kasuwa. Wannan ne ya sa a yau muka ɗauko tarihin wani Bature ɗan ƙasar Ingila mai suna Walter Greaves, wanda da hannu ɗaya tak ya yi tafiyar da babu wani mai hannu biyu da ya taɓa yin irinta a kan keke kafin shi.

An haifi Greaves a shekarar 1907, kuma a birnin Bradford da ke arewacin Ingila ya yi suna. Yana ɗan shekara 14 ya gamu da haɗarin da ya yi sanadin yanke masa hannun hagu. Wannan bai raba shi da keke ba, sai ma ya ƙara kusanta shi da shi. Ya koyi aikin ƙarfe da injuna, ya kuma ɗora wa kansa ƙa'ida mai tsanani: ba ya shan giya, ba ya cin nama. Sai dai ra'ayinsa na siyasar kwaminisanci ya sa masu masana'antu suka riƙa gudun ɗaukarsa aiki, don haka shekarar 1936 ta riske shi ba aiki ba kuɗi.

A wancan zamani akwai wata gasa da mujallar Cycling ta Ingila ta assasa tun 1911, wato a ga wanda zai fi kowa nisan tafiya a kan keke cikin shekara guda. Wanda ke riƙe da kambun lokacin shi ne Ossie Nicholson ɗan ƙasar Ostireliya, wanda ya yi kusan mil dubu 44 a shekarar 1933. Kamfanoni kan tsaya wa irin waɗannan gwanaye da keke da kuɗin guzuri domin tallar hajarsu, amma shi Greaves sai da ya sha wuya kafin wani kamfanin kekuna na birnin Coventry ya yarda ya ba shi keke. Keken ma bai iso a kan lokaci ba, sai ranar 6 ga Janairun 1936 ya fara tafiya, kwana biyar sun riga sun wuce shi.

Wanda ya taɓa hawa keke ya san aikin hannu biyu ne: da su ake riƙe kan keke, da su ake kama birki, da su ake jan jiki idan an zo hawa tudu. Shi kuwa sai da aka tattara masa birki da abin canza giya duk a ɓangaren dama, ya zamana hannu ɗaya ke tuƙi, shi ke tsayarwa, shi ke canzawa. Ga shi kuma ya fara ne a tsakiyar hunturun Turai, inda ƙanƙara ke daskarewa a kan titi ya koma sulɓi kamar an zuba mai. A cikin kwana biyar na farko ya yi mil 500, amma ya faɗi har sau 19. Duk faɗuwar da ya yi sai ya tashi ya karkaɗe jikinsa ya sake hawa. A nan ne ya koyi hanya, domin babu malamin da zai iya nuna masa yadda mai hannu ɗaya ke shan kwana a kan ƙanƙara, titin ne da kansa ya koya masa.

Da damina ta Turai ta kama sai wata jarrabawar ta zo, inda ya yi karo da mota, rashin lafiya ta biyo baya har ya kwashe kusan mako biyu a asibiti ba ya ƙara ko mil ɗaya. Da aka sallame shi, maimakon ya sassauta sai ya ƙara nisan da yake yi kullum don ya rama kwanakin da ya yi asara, har akwai lokacin da yake yin mil 180 a rana. Abincinsa bai wuce burodi da madara da tumatir da ƴaƴan itace ba. A watan Disamba ya cim ma Nicholson a birnin Landan, sannan ya kammala a Bradford a daren ƙarshen shekara da mil 45,383, wato sama da kilomita dubu 73. Idan muka raba wannan da kwana 361, za mu ga kimanin kilomita 200 ke nan kowace rana, da kaɗan ya gaza nisan Maraɗi zuwa Damagaram, har da kwanakin da yake kwance a asibiti.

Kambun bai daɗe a hannunsa ba, domin a 1937 Nicholson ya sake ƙwace shi, a 1939 kuma Tommy Godwin ya yi mil 75,065. Amma Greaves bai bar titi ba. A lokacin hukumar kekuna ta Ingila ta daɗe da hana tseren da ake tashi gaba ɗaya a kan titin mota, har zuwa 1942 da Percy Stallard da abokansa suka bijire suka kafa ƙungiyarsu ta masu tseren titi. Greaves na cikin mutanen farko da suka shiga wannan ƙungiya, yana cuɗanya da masu hannu biyu, domin babu rukunin naƙasassu a lokacin. Sai a 1984 aka sa tseren keke a gasar Olamfik ta naƙasassu. A ƙarshen rayuwarsa ya riƙe maƙera yana kuma waƙoƙin gargajiya, har ciwon makyarkyata ya kama shi, ya rasu a 1987, shekarar da maƙwabtanmu na Burkina Faso suka fara gasar Tour du Faso.

In mun lura, abu biyu kawai Greaves ya nema daga jama'a: keken da aka gyara daidai da jikinsa, da wanda zai yarda da shi ya ba shi dama. Sauran shi ya yi da guminsa. Mu ma a Dakoro muna da masu walda da masu gyaran keke da za su iya mayar da birki ɓangare ɗaya ko su haɗa keken hannu mai ƙafa uku. Gaskiya ne rairayin hanyoyin Rumbu na da wuyar tuƙi, to amma ba su fi ƙanƙarar da ta kayar da shi sau 19 ba. Kiranmu ga iyaye da magadan gari shi ne, kafin a miƙa wa yaro ƙwaryar bara, a fara miƙa masa keke, a kuma bar shi ya faɗi ya tashi.