Reginald Moreau: Ma'aikacin gwamnati da ya zama masanin tsuntsayen Afirka

An haifi Reginald Ernest Moreau a Ingila a shekarar 1897. Da aikin binciken kuɗi na rundunar sojan Birtaniya ya fara, kuma aikin ne ya kai shi birnin Alƙahira a 1920. A can ya soma sadaukar da lokutan hutunsa ga nazarin tsuntsayen da ke ratsa hamada.

A 1928 ya koma cibiyar binciken aikin gona ta Amani a matsayin sakatare. Cibiyar tana kan tsaunukan Usambara ta Gabas, a ƙasar Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau. Tun zamanin mulkin Jamusawa ake sare kurmin wannan yanki domin gonakin kofi, daga bisani na shayi, har ya rarrabu gida-gida. Kusan shekara 18 Moreau da matarsa Winifred suka yi suna rubuta irin tsuntsayen da ke wurin da yadda suke rayuwa, tare da mataimaka 'yan ƙasa da ke tsaron sheƙa suna ƙirga zuwan iyaye da abinci. A 1944 ya nuna cewa tsuntsayen ƙasashe masu zafi ba su kai na Turai yawan ƙwai ba.

Bayan ya koma Ingila ya yi aiki a Oxford, ya kuma zama editan mujallar Ibis. Littafinsa na ƙarshe, wanda ya fito a 1972, ya ƙiyasta cewa tsuntsaye biliyan 5 ke tasowa daga Turai da Asiya zuwa Afirka kowace shekara. Daga cikinsu akwai masu sauka a Tafkin Chadi da fadamun Haɗeja zuwa Nguru.

Ya rasu a 1970, amma rubuce-rubucensa sun zama ma'auni. Binciken da William Newmark ya yi daga baya a Usambara ya nuna cewa idan kurmi ya ƙanƙance kuma gonaki suka kewaye shi, tsuntsayen da ke zaune a inuwarsa kan ɓace, domin da yawansu ba sa yarda su ƙetare fili.

Wani ɗan tsuntsu mai dogon baki da Moreau ya gano kusa da Amani, wanda masana suka raɗa wa sunansa, yana cikin mafiya fuskantar barazanar ƙarewa a yau. Makomarsa ta rataya ne a kan ragowar kurmin, wanda aka keɓe wani sashensa a matsayin gandun daji a 1997.