Paul Ehrlich, Likita Mai Rini

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ba ku labarin wani likita Bajamushe, Paul Ehrlich, wanda ya yi suna ta wajen rini, amma ba na tufafi ba.

An haife shi a 1854 a garin Strehlen, wanda ke cikin ƙasar Polan yanzu. Tun yana koyon aikin likita ba shi da abin sha'awa kamar rina tsokar jiki, don ya duba ta a madubin ƙara girma. A kan rini kuwa ya rubuta littafin da ya ba shi digiri a 1878.

A 1885, yana aiki a Barlin, ya riƙa yi wa dabbobi allurar rini cikin jini. Da ya feɗe su sai ya tarar hanta da ƙoda da sauran sassa duk sun rinu, ƙwaƙwalwa kuwa tana nan fara fat. Shi ya zaci ƙwaƙwalwa ce ba ta shan rini. Almajirinsa, Edwin Goldmann, shi ya warware al'amarin a 1913. Ya zuba shuɗin rini cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, sai ta rinu, sauran jiki bai rinu ba. Ashe shinge ne tsakanin jini da ƙwaƙwalwa! Sai a 1967 aka ga yadda ya ke: bangon ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa a manne ya ke ƙam, ba kafa. Sukari da iskar numfashi su shiga, dafi iri iri kuwa a tsare shi waje.

Amma shingen nan yakan tsare magani ma. Mun san ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa. In ƙwayoyinsa suka kai ƙwaƙwalwa, sai maganin da ke iya tsallake shingen zai ceci mutum. Ehrlich kansa ya gwada wani jan rini a kan irin ƙwayoyin nan a 1904.

Ya sami kyautar Nobel a 1908. Shi da Sahachiro Hata, mutumin Japan, suka samo maganin tunjere mai lamba 606, aka fara sayar da shi a 1910. Ya rasu ran 20 ga Agusta, 1915.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne, ya rubuta abin da idonsa ya gani daidai, ko da ya ke bai gane dalilinsa ba, har almajirinsa ya zo ya ƙarasa. Mu da za mu zama malamai, Allah ya ba mu almajiran da za su wuce mu.