Stanley Dale, Manzon Bishara Ga Yalawa

A gabashin duniya, arewa da Ostiraliya, akwai wani babban tsibiri da a ke kira Niu Gini. Tsakiyarsa duwatsu ne masu tsawo ƙwarai, har akwai ƙanƙara a kan waɗansunsu. A cikin kwazazzaban duwatsun nan na sashen yamma ne kabilar Yali ta ke zaune. A wannan wata muna so mu ba masu karatu labarin zaman mutanen nan, da na wani bawan Allah da ya ba da ransa dominsu.

Ƙauyukan Yalawa ƙanana ne, a dā a kan tuddai su ke gina su domin su hango abokan gaba tun daga nesa. Ɗakunansu zagayayyu ne na katako da ciyawa, da wuta a tsakiya, gama ƙasar tana da sanyi da ruwan sama mai yawa. Maza suna da nasu ɗaki dabam, mata da ƙananan yara suna kwana a wani tare da aladu. Dankali ne babban abincinsu, a gefen dutse su ke noma shi da sanda, alade kuwa shi ne dukiya. Kafin zuwan baƙi ba su san ƙarfe ba, da gatarin dutse su ke sare itace.

Amma a zamanin dā abin da ya fi sanyi da yunwa nauyi a kansu shi ne tsoro. A lokacin suna bauta wa iskoki da su ke kira kembu, kuma asirin tsafin na maza ne kaɗai. Akwai wuraren da aka keɓe wa iskokin. Idan mace ko ƙaramin yaro ya taka wurin, ko da bisa kuskure ne, hukuncinsa a jefa shi cikin kogi, domin sun gaskata in ba a yi haka ba dankali zai lalace, annoba ta auka wa kowa. Mata da yawa kuma su kan faɗa kogi da kansu saboda baƙin ciki. A wancan zamani yaƙi tsakanin ƙauye da ƙauye ba ya ƙarewa, wanda aka kashe daga cikin abokan gaba kuwa a kan ci namansa. Kada mu ɗauka mutanen nan ba su ƙaunar 'ya'yansu. Suna ƙaunarsu, tsoro ne ya fi ƙarfinsu.

An haifi Stanley Dale a Ostiraliya cikin shekara ta 1916. Gidansu na talakawa ne, ubansa mashayi ne wanda bai yarda akwai Allah ba. Yaron ƙanƙane ne, 'yan makaranta suka riƙa cin zalinsa, sai ya horar da jikinsa da zuciyarsa har ya zama ba ya ja da baya ga kowa. Yana saurayi ya karanta wata 'yar takardar wa'azi, ya ba da gaskiya ga Yesu Kristi, daga baya ya shiga makarantar Littafi Mai Tsarki a birnin Sidni. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi ya yi soja, aka kai shi Niu Gini. Can ya ga manyan duwatsun, ya ƙudura a ransa zai komo da Bishara. A 1949 ya auri wata ma'aikaciyar jinya mai suna Patricia.

Ba za mu ɓoye halinsa ba. Dale mutum ne mai tsanani, mai faɗin abin da ke ransa ba tare da sassauci ba, har zama da shi ya kan yi wuya. Ya yi aiki da ƙungiyoyin mishan biyu a gabashin tsibirin, duka biyu ya rabu da su. Da wani ne, da ya koma gida ya nemi wata sana'a. Shi kuwa ya nemi ta uku, ta karɓe shi, ta aike shi sashen yamma, wanda a lokacin yana hannun mutanen Holan. A 1963 ne sashen ya koma hannun Indunusiya.

Cikin 1961 Dale da abokin aikinsa Bruno de Leeuw, tare da waɗansu masu bi na kabilar Dani, suka haye duwatsu da ƙafa har suka sauka cikin kwarin Heluk, a wani wuri mai suna Ninia. Suka tarar ana yaƙi tsakanin mutanen hayin kogin biyu, Dale ya shiga tsakani har aka sulhunta. Sa'an nan suka fara share filin saukar jirgin sama, da hannu, suna fasa duwatsu suna kwashe taɓo wata da watanni. Da jirgi ya fara sauka a 1962, matar Dale da 'ya'yansu suka zo. Ita tana ba da magani, shi yana koyon harshen, yana rubuta shi, yana koya wa samari karatu. Ya juya Bisharar Markus cikin harshen Yali.

Samari ne suka fara ba da gaskiya. A 1966 waɗansu suka ƙone kayan tsafinsu, dattawa kuwa suka firgita, suna jiran fushin iskoki. Cikin shekaran nan aka kashe samari biyu masu wa'azi, Yekwara da Bengwok, a ƙauyukan da ke gangaren kwarin. Su ne shahidan farko na ekklesiyar Yali, ya kamata mu riƙe sunayensu. Dale ya tafi neman labarinsu, aka harbe shi da kibau biyar. Ya yi doguwar tafiya cikin dare da raunukan nan, aka ɗauke shi da jirgi zuwa asibiti, ya warke. Sai ya komo Ninia.

A watan Satumba na 1968 ya tashi tare da Phil Masters, wani ɗan mishan na Amurka, suka bi ta kwarin Seng, inda ba a karɓi Bishara ba tukuna, suna neman wurin da za a yi sabon filin jirgi. Mayaƙa masu yawa suka bi sawunsu. Ran 25 ga watan suka cim musu a bakin kogi. Dale ya tsaya a baya, ya juya ya fuskance su. Ba shi da bindiga. Kibau suna shigarsa yana zarewa yana karyawa, har ƙarfinsa ya ƙare ya faɗi. Suka kashe Masters shi ma, suka ci namansu, gama suna tsoron kada su tashi. 'Yan rakiyarsu suka tsira, su ne suka kai labari. Dale yana da shekara 52.

Hukuma ta aika da masu bindiga, aka kashe waɗansu mutanen Seng, aka ƙone gidaje. Wannan bai buɗe zuciyar kowa ba, sai ƙarin tsoro. Amma ran 31 ga Disamba na shekaran nan wani ƙaramin jirgin mishan ya ɓata hanya cikin gajimare, ya faɗi a kwarin nan. Matuƙin ya mutu, da miji da mata da 'ya'yansu uku. Ɗansu ɗaya mai shekara 9 ne kaɗai ya fita da rai. Wani mutumin wurin mai suna Kusaho, wanda tun farko bai yarda a kashe Turawan nan biyu ba, ya ɗauki yaron ya kai shi ɗakinsa, ya ba shi dankali, ya tsare shi har aka zo aka ɗauke shi. Alherin nan ne ya zama sanadin sulhu. Bayan haka mutanen Seng suka karɓi masu wa'azi, har waɗansu daga cikin masu harbin suka tuba. A shekara ta 2000 aka keɓe dukan Littafi Mai Tsarki cikin harshen Yali na Ninia.

'Yan'uwa, mu lura da abu biyu. Allah bai jira Dale ya zama marar aibi kafin ya aike shi ba. Taurin kan da ya ɓata shi da abokan aiki, shi ne ya tsayar da shi shekara bakwai a inda wani zai gudu. Kada mu yi saurin yar da ɗan'uwa mai wuyar hali a cikin ekklesiyarmu, mu yi masa gargaɗi, mu nema masa aikin da ya dace da shi. Na biyu kuma, ƙofar da bindiga ta kasa buɗewa, jinƙan mutum ɗaya wanda bai san Kristi ba tukuna ya buɗe ta. Kada mu rena waɗanda ba su ji ba, gama Ubangiji ya kan riga mu isa wurinsu.

Mu karanta Yohanna 12:24 a gidajenmu cikin makon nan. Mu yi addu'a domin ekklesiyar Yali, da masu bishararmu da ke ƙauyuka masu nisa.